Amsoshin Tambayoyinku: Ana Yi Wa Ran Mutum Farashi?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: wai da gaske ne gwamnatoci na ƙiyasta ran mutum da kuɗi?

To Malam, da gaske ne, sai dai ba ran wane ko wance ake sa wa farashi ba. Abin da ake dubawa shi ne nawa jama'a za su yarda su biya don rage haɗarin mutuwa. A ce akwai wata muguwar kwana da ke cin rai guda duk shekara, sai mutum 100,000 da ke bin hanyar kowa ya yarda ya riƙa ba da dala 100 duk shekara don a kawar da haɗarin. An tara dala miliyan 10 ke nan don ceton rai ɗaya. Da irin wannan lissafi Ma'aikatar Sufurin Amurka ta kai adadin sama da dala miliyan 13 a 2023. Ya bambanta da diyya ta raƙuma 100, wadda ake biya bayan rai ya riga ya salwanta.

Lissafin yana cijewa ne idan aka zo kan ƙarewar 'yan Adam baki ɗaya. A 2004 alƙalin Amurka Richard Posner ya ƙiyasta wannan asara a kan dala tiriliyan 600. Ni dai ina ganin adadin ya yi kaɗan ƙwarai. Tun 1984 masanin falsafa Derek Parfit ya yi nuni da cewa in kashi 99 cikin 100 suka halaka, sauran za su hayayyafa, amma in kowa ya tafi, duk zuriyar da za a haifa ta tafi tare da su.