Darasi na 6: A Gwada Zare Kafin A Sara

'Yan uwa mata, kuɗin da ke cikin akwatinmu na kowa ne. Idan ƙungiya ta ba da rance aka sari zare don saƙa ko ɗinkin hula, zaren ya zo da aibi, asarar har mai zubin ɗari biyu sai ta taɓa. Shi ya sa kullum nake cewa a gwada kaɗan kafin a sayi da yawa.

Mu a Sheme, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa cikin ƙasar auduga muke, ga Funtuwa kusa inda injinan gurza suke. Iyayenmu masu kaɗi da mazari da taɓawa suke gane zare. Amma yau zaren kanti ya cika kasuwa, wani an gauraya shi da roba, ido kaɗai ba ya isa.

Da farko a tsayar da abin da ake so, sakatariya ta rubuta. Siririn zare mai murɗi ne na tsaye, ko abawa ta kwance? Wane launi? Ƙulli nawa? Sannan a sayo ƙulli ɗaya tak, a yi masa gwaji biyar:

1. Ƙarfi. Ki ja shi tsakanin hannuwanki, a wuri uku daban. In yana tsinkewa da sauƙi, ba zai jure tsaye a masaƙa ba.

2. Kauri. Ki naɗa shi a jikin kara, layi kusa da layi. Nan take za ki ga inda ya yi kauri da inda ya sirance.

3. Wuta. Ki ƙona ɗan guntu a waje, nesa da yara. Auduga tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri.

4. Zuba. Ki jiƙa shi da ruwan sabulu, ki goga a farin ƙyalle. In launi ya fito, haka zai ɓata hular mai saye.

5. Tsukewa. Ki saƙa ɗan kaɗan, ki auna, ki wanke, ya bushe, ki sake aunawa.

In auduga za a saya don kaɗi, a cusa hannu har tsakiyar buhu. Mai danshi tana ƙara nauyi a sikeli, ga ta da saurin ruɓewa.

Zaren da ya ci gwaji, a raba samfurinsa biyu: rabi wurin mai sayarwa, rabi cikin akwati. Ranar da kaya suka iso, mata biyu su gwada da samfurin kafin ma'aji ta biya. In bai yi daidai ba, a mayar, ba kunya a ciki. Amanar mutane ce.

Aikin mako: kowace ta zo da guntun zaren da take aiki da shi, mu gwada tare. Ku kuma tattauna: wa za mu wakilta wajen karɓar kaya?