DARASI: RENON ƊAN KWIKWIYO MAI TSORO HAR YA SABA DA GARKE

 Darasinmu na wannan fitowa a kan kare ne. Mun san wani Alhajin zai ce ina ruwan 'yan shanu da zancen kare? To, duk wanda ya taɓa taso shanu daga Pouytenga ko Bittou, dare ya yi masa a bakin iyaka yana jiran takardar likitan dabbobi, ya san amfanin haushin kare da tsakar dare. Yaro mai kora yakan yi gyangyaɗi, ɓarawo kuwa idonsa biyu.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, sau da yawa mutum zai samu ɗan kwikwiyo, ya gan shi yana laɓewa ƙarƙashin mota, wutsiya a matse, in an miƙa masa hannu ya saki fitsari. Sai a ce wannan na banza ne, a jefar da shi, ko a ɗaure shi da sarƙa ana duka wai don ya yi zafi. Duka biyun asara ce, na biyun ma har da haɗari, domin karen da tsoro ya cika shi ne ya fi saurin cizon yara.

Matsayinsa a addini

A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda yawancinmu muka karanta a gaban malamai, an hana ajiye kare a gida haka kawai, amma an halatta shi don gadin dabbobi, ko gona, ko farautar neman abinci. Namu na garke yana cikin wanda aka halatta. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Malamai sun yi saɓani kan sayar da karen da aka halatta, shi ya sa ya fi kyau a nema kyauta. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ke nan wanda ya ajiye shi, cinsa da shansa amana ce a wuyansa.

Me ke kawo tsoron?

Wani gado ne daga uwa, wani kuwa rashin sabo ne. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun yi shekaru suna nazarin karnuka, suka buga sakamakon a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa ne kwikwiyo ke karɓar abin da ya gani a matsayin nasa. Abin da bai sani ba a wannan tsakanin, daga baya da wuya yake yarda da shi. Mu ma mun sani, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka kada a raba shi da uwarsa kafin mako 7 ko 8, don a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon zama da karnuka. Kada kuma a kulle shi a ɗaki har ya yi wata huɗu bai ga saniya ba.

Makon farko a gida

1. A yi masa ɗan wuri mai inuwa, da tsohon buhu, inda ba mai jawo shi in ya shiga.
2. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, sau uku ko huɗu a yini, a lokaci guda kullum.
3. In za a matso shi, a tsuguna a ba shi gefe, kada a ƙura masa ido. A jefa masa ɗan abinci kusa, gobe a rage tazara, har ya zo ya karɓa da kansa.
4. A hana yara bin sa da gudu ko jifa. Su zo ɗaya-ɗaya, su zauna, shi ya zo gare su.
5. Ƙarar tirela da babur da hayaniyar kara, ya fara jin su daga nesa yana cin abinci. In ya bar cin, an matso da yawa ke nan, sai a ja baya.

Kai shi wurin reno

A Amurka da Ingila akwai gidajen da ma'aikata ke kai karnukansu da safe su ɗauko da yamma, ana biya. A Ingila tun 2018 sai da lasisi ake buɗe irin wannan gida. Mu ba mu da wannan, amma buƙatar ɗaya ce: bafatake ba ya zama. Yau yana Bawku, jibi yana Kumasi ko Tulaku, dole ya bar kwikwiyon a hannun wani. Gidan renonmu shi ne garken maigida a bayan gari, ko wurin Bafulatanin da ke yi mana kiwo. Ga yadda ake fara shi:

Na ɗaya, kada ranar tafiya ta zama ranar farko. A fara kai shi tun da sauran mako biyu. Ranar farko rabin awa, mai shi yana tsaye. Sannan awa biyu, sannan rabin yini, sannan yini guda, sannan kwana ɗaya.

Na biyu, a fara haɗa shi da babban kare ɗaya mai sanyin hali, wanda aka yi wa allura, a fili mai faɗi. Kada a sake shi cikin karnuka biyar lokaci guda. In suka taru a kansa sau ɗaya, aikin wata guda ya rushe.

Na uku, a ajiye shi kusa da maruƙa, ban da saniya mai sabon jego, ban da bijimi. Harbi ɗaya ya isa ya karya shi ko ya sa ya tsani shanu har abada. A yi masa ɗan shinge mai ƙaramar ƙofa, wadda shi zai shiga maraƙi ba zai iya ba. In ya fara bin maruƙa yana cizon kunne, a tsawata a janye shi nan take, ba da sanda ba.

Na huɗu, a yi magana a fili da mai riƙon: wa zai ba da abinci, nawa za a biya, ruwa kullum, ba duka, ba ɗauri a rana. A tafi masa da buhunsa mai warin gida.

Alamar ya saba ita ce yana ci, yana barci a miƙe, yana fitowa da kansa. In ya yini bai ci ba, yana karkarwa, ko ya ƙi fita daga shinge, a koma matakin baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Lafiya

Kafin ya shiga cikin karnuka, a kai shi ofishin likitan dabbobi. Allurar cutar gudawa mai jini ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, ta haukan kare kuwa a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. A adana katin tare da takardun shanu, musamman in za a ƙetare iyaka da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti ranar, kada a tsaya jiran alama, domin in ta bayyana babu magani.

Abu biyu kuma sun shafe mu kai tsaye. Kada a jefa wa kare ɗanyen huhu ko hanta mai ƙullutun ruwa daga mahauta. Tsutsar tana girma a cikinsa, ƙwanta ya fita a kashinsa, shanu su ci a ciyawa, mutane ma su kamu. A dafa, ko a binne. Sannan kada a yi masa wanka da maganin kaska na shanu, ko a yi masa allurar shanu da ƙiyasi; ma'aunin sa daban, na kwikwiyo daban.

A ƙarshe, kada a yi gaggawar yanke masa hukunci. Karen garke ba ya nuna kansa sosai sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wani ba zai taɓa zama mai faɗa ba, kuma ba faɗa muke nema ba. Muna son wanda zai kwana cikin shanu, ya san na gida, ya yi haushi in baƙo ya doso. Mai tsoron da aka rena da haƙuri yakan yi wannan, don kunnensa ba ya barci.

Wanda ke da karya mai kirki da ta haihu, ya sanar da sakataren reshensu don 'yan'uwa su amfana. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu lafiya. Wassalam.