Gashin da ke riƙe ƙwayar cuta a mafitsara

Aikin farko da safe a ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta shi ne buɗe akwatin ɗumi a fito da farantan da suka kwana a kan zafin digiri 37, daidai da ɗumin jikin mutum. Jiya da rana aka shafa musu ɗigon fitsari. Yau wasu sun fito fes, wasu kuwa sun yi ɗigo-ɗigo ruwan hoda. Mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ke nan, ya saba da launin har yakan canki mai laifin tun kafin sauran gwaje-gwaje su tabbatar. Galibi E. coli ce, ƙwayar bakteriyar da likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ya gano a 1885. Ita ke haddasa kusan kashi uku cikin huɗu na ciwon mafitsara da ake gani yau da kullum.

Wata rana wata baiwar Allah ta zo karɓar sakamakonta, karo na uku cikin 'yan watanni. Ta dubi takardar ta ce, "Malam, ni fa ruwa nake sha ba wasa, fitsari kuma ina yi. To me ya hana shi wanke abin nan ya fita?" Aka ce mata, "Hajiya, ai abin riƙewa yake yi." Ta tafi da alamar ba ta gamsu ba, kuma tana da gaskiya, domin tambayarta ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin taga.

Ƙwayar ba sumul take ba. A ƙarƙashin madubin lantarki ana ganinta da ɗaruruwan silin gashi tsaye a jikinta kamar ƙarangiya. James Duguid a Sikotilan ya bayyana su a 1955, sannan Charles Brinton a Amurka ya raɗa musu suna pili a 1959, kalmar Latin mai nufin gashi. Kaurin kowane sili kusan nanomita 7 ne, wato sai an haɗa kamar dubu goma kafin su kai kaurin gashin kan mutum guda. A bakin kowanne akwai wani furotin mai suna FimH, shi ne ƙugiyar. Abin da yake kamawa wani nau'in sukari ne, manos, wanda ke shimfiɗe a fatar cikin mafitsara.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake gina gashin. E. coli gari ce mai ganuwa biyu, ta ciki da ta waje, da ɗan fili a tsakaninsu. Masana'anta da man aiki duk suna can cikin gari. A filin tsakanin ganuwa babu sinadarin ATP, wanda shi ne man da kusan kowane aiki a cikin halitta ke ci. Amma a nan ake harhaɗa gashin, a tura shi waje ta ganuwa ta biyu ba tare da an bar kafar da guba za ta shigo ba. Gini ne ba fetur, ba magini a waje.

Asirin yana cikin siffar tubalin. Kowane tubalin gashin furotin ne da aka ƙera da giɓi, wani siririn kwari a gefensa inda ya kamata a ce akwai zare ɗaya amma babu. In aka bar shi haka, sai ya lanƙwashe ya lalace, ko ya manne wa 'yan uwansa a inda bai dace ba. Shi ya sa da zarar ya tsallako ganuwar ciki sai ɗan rakiya ya tare shi, wani furotin mai suna FimC. Ɗan rakiyar yakan sa yatsansa ya cike giɓin, ya taimaka wa tubalin ya naɗu daidai, sannan ya riƙe shi har bakin ƙofa. A 1999 ne aka fara ganin wannan riƙo ƙuru-ƙuru, cikin ayyuka biyu da suka fito a mujallar Science, da hannun ɗakin binciken Scott Hultgren na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis.

Ƙofar ita ce FimD, wani furotin mai siffar ganga da ke dashe a ganuwar waje, ramin tsakiyarsa toshe da marfi. Ba ya buɗewa ga kowa. Ya fi son ɗan rakiyar da ke ɗauke da ƙugiya, don haka FimH ce ke fara isowa, ita ke sa marfin ya kauce, ita ce kuma ke fara leƙawa waje. Daga nan sai FimG, sai FimF, sai tubalin gangar jiki, FimA, ɗaya bayan ɗaya har kusan dubu. Gashin daga gindi yake tsawo, sabon zuwa yana tura na gabansa waje. Hoton ƙofar da ƙugiya a cikinta ya fito a mujallar Nature a 2011, aikin da Gabriel Waksman na Landan ya kasance cikin jagororinsa.

Wurin da ya fi burge mai wannan rubutu shi ne yadda tubali ke kama tubali. Kowanne, ban da ƙugiyar, yana da 'yar wutsiya. Idan sabo ya iso bakin ƙofa, wutsiyarsa takan shiga giɓin na gabansa ta gefe ɗaya, tana shiga tana zare yatsan ɗan rakiya kamar yadda ake zuge zif, har ta maye gurbinsa gaba ɗaya. Ɗan rakiya ya koma ya ɗauko wani. Man aikin kuwa tun farko yana jikin tubalin: ɗan rakiya ya riƙe shi ne a ɗame, kamar bakan da aka ja ba a saki ba, kuma shigar wutsiyar ce ke sakinsa ya rufe gam. Masu bincike a Zurich ta ƙasar Siwizalan sun lissafa a 2008 cewa irin wannan haɗi, in ba a taɓa shi ba, sai ya ɗauki biliyoyin shekaru kafin ya warware da kansa. Duk da haka ginin sili guda bai wuce 'yan mintoci ba.

Yanzu sai tambayar Hajiya. A 2002 wasu masu bincike a Seattle suka nuna cewa riƙon FimH ƙaruwa yake yi idan ruwa na gudu a kansa. Duk wanda ya taɓa ɗaure akuya da zarge ya san irin wannan ɗauri: tana fizga, yana ƙara kamawa. Gangar gashin kuma a murɗe take kamar sifirin. Idan fitsari ya taso da ƙarfi sai ta warware ta miƙe, ta shanye ƙarfin, in ya lafa ta sake naɗewa. Fitsari yana kwashe ƙwayoyin da ba su riga sun kama ba, kuma wannan babban amfani ne, shi ya sa ake cewa a sha ruwa kada a riƙe fitsari. Waɗanda suka kama kuwa, ruwa kaɗai ba lallai ya ɓamɓare su ba. A jikin ɓeraye an ga ma suna kutsawa cikin ƙwayoyin fatar mafitsara su hayayyafa a ɓoye, abin da ake ganin yana cikin dalilan dawowar ciwon bayan an sha magani.

Wasu nau'o'in E. coli suna da gashi na biyu, mai ƙugiyar PapG, wadda ke kama wani sukari daban da ke cikin ƙoda. Ginin iri ɗaya ne. Idan suka haura can, labari ya canja: zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, amai, ciwon kwiɓi. Sau da yawa irin wannan mara lafiya sai ya gama shan maganin maleriya da na taifot kafin wani ya tuna da kwalbar fitsari.

A ƙasar Hausa kusan duk abin da ya shafi mara sunansa "sanyi", ko ƙaiƙayi ne, ko fitar farin ruwa, ko zafin fitsari, alhali musabbabansu daban-daban ne, maganinsu ma haka. Akan kuma ɗora wa banɗakin haya laifi. Gaskiyar ita ce E. coli mazauniyar hanjin mutum ce, daga duburarsa take tasowa. Hanyar fitsarin mace kusan santimita 4 ce, ta namiji ta kai kamar 20, shi ya sa kusan rabin mata sukan gamu da ciwon aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar cin amanar aure ba.

Sanin ginin ya buɗe wata hanyar yaƙi. Maimakon a kashe ƙwayar, a hana ta gashi ko a toshe mata ƙugiya. A 2006 aka bayyana wasu sinadarai da ke hana ɗan rakiya miƙa kayansa a bakin ƙofa, ƙwayar ta fito da sanƙo. Akwai kuma masu kwaikwayon manos, su cika bakin FimH ta rasa abin kamawa, wasunsu sun kai matakin gwaji a jikin mutane. Sai dai kada a yi azarɓaɓi. Garin manos da ake tallarsa a intanet an gwada shi a Birtaniya a kan mata kusan 600 tsawon wata shida, sakamakon da ya fito a 2024 bai nuna ya rage dawowar ciwon ba.

Kafin waɗancan magunguna su iso, abin da ke hannu shi ne farantin nan na safe. A kansa ake jera ƙananan faifan magunguna a ga wanda ya hana ƙwayar tsiro da wanda ta bi ta kansa ta wuce, kuma Septrin da ampisilin, da ake saye a kemis ba takarda, suna yawan faɗuwa wannan jarrabawa. Mai jin zafin fitsari ya kai fitsarinsa kafin ya haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, na tsakiyar zuba, a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, kuma ya miƙa ta cikin awa biyu. Mata su riƙa tsarki daga gaba zuwa baya. Mai juna biyu kuwa ta nemi a duba mata fitsari a wurin awo ko da ba ta jin komai, domin a jikinta ƙwayar kan haura ƙoda ba tare da ta yi sallama ba.