Tsuntsu Mai Bakin Takobi Na Duwatsun Andis

Darasin wannan wata a kan wani ɗan tsuntsu ne da ke zaune a Amurka ta Kudu. Masana suna kiransa Ensifera ensifera, wato mai ɗauke da takobi a harshen Latin. Wani Bafaranshe mai suna Boissonneau ne ya fara bayyana shi a rubuce, wajen shekarar 1840.

Shi dai wannan tsuntsu yana cikin dangin da mutanen can ke kira kolibri. Irinsu ya haura 300, kuma ba a samunsu ko'ina sai a nahiyar Amurka. Saurin kaɗa fiffikensu ya kai su tsaya cak a iska, har su yi baya-baya in sun so. Wanda ya san sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai ƙyalli da ke shan ruwan fure a gonaki, zai ga kama. To, amma kama ce kawai, ba dangi ba ne.

Mazauninsa dazuzzukan da ke kan duwatsun Andis, a ƙasashen Benezuwela da Kolombiya da Ekwado da Peru da Bolibiya. Ana samunsa daga tudu mai tsawon mita 1,700 har zuwa mita 3,500. Wuri ne mai sanyi, kullum cikin raɓa da gajimare. Namijin kore ne mai ƙyalli, macen kuwa cikinta fari-fari da ɗigon kore. Nauyinsa giram 10 zuwa 15, kamar ƙwayar sukari biyu ko uku.

Abin mamaki a jikinsa shi ne baki. Tsawon bakin yakan kai santimita 10, wato inci huɗu. In aka cire wutsiya, bakin ya fi jikin tsawo, kuma babu wani tsuntsu a duniya da aka sani da haka. Wannan baki yana da wahalarsa. Sauran tsuntsaye da baki suke gyara gashinsu, shi kuwa bakin ya yi tsawo, sai dai ya yi susa da ƙafa. In ya sauka a reshe kuma, sai ya ɗaga bakin sama don kada nauyi ya rinjaye shi.

To, mene ne amfanin baki irin wannan? Amsar tana wajen fure. A dajin akwai wata yaɗo da ake kira Passiflora mixta, furenta ruwan hoda, dogo kamar bututu. Ruwan zaƙin yana can ƙasan bututun, inda ƙudan zuma da gajerun bakuna ba sa kaiwa. Mai bakin takobi sai ya tsaya a iska, ya zura baki, ya lasa da dogon harshensa. Yana cikin sha, garin furen zai manne masa. Da ya je fure na gaba sai ya goga shi a can, da haka barbara ke faruwa har yaɗon ya yi 'ya'ya. Yakan kuma sha daga manyan furanni masu rataye na wata bishiya dangin zaƙami. Yana da hanyar da yake bi kullum, daga wannan tsiro zuwa wancan, ya zagayo bayan ruwan zaƙi ya sake taruwa. Ƙananan ƙwari ma yana kamawa.

Akwai ɓarayi a wannan ciniki. Wasu ƙananan tsuntsaye sukan huda gindin furen ta waje su shanye zaƙin, ba tare da sun ɗauki garin ba. Furen bai ƙaru da komai daga gare su ba.

A lura, cinikin bai zo daidai ba. Tsuntsun zai iya komawa wani fure in wannan ya ƙare, amma dogon furen ba shi da wani ɗan aike da zai kai ƙasansa. Zuwa yanzu ba a sa mai bakin takobi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu ba, domin mazauninsa na da faɗi. Sai dai ana sare dajin Andis don noma da kiwon shanu. Manomin da ya share gangare guda ba yaɗon ya nufa ba, wataƙila ma ya bar shi a jikin shinge. Amma in tsuntsun ya daina biyowa ta wajen, yaɗon zai yi ta fure shekara da shekaru, 'ya'yansa kuwa su yi ƙaranci.