Baki Ya Ce "To", Zuciya Ta Ce "A'a": Mene Ne Sunan Wannan?

'Yan'uwa ɗalibai, kwanaki na je gida hutun ƙarshen mako. Ina sauka a Kwanar Ɗangora sai muka yi kiciɓis da wani kawuna. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, ko da 'yan canji a jikinka? Taki zan cika, idan na sayar da shinkafa a Tudun Wada zan mayar maka." Naira 15,000 ce a aljihuna, ta buga furojet ɗina. Wallahi a'a ce a raina, amma sai na ji bakina ya ce, "To Kawu, ba komai." Sai da na makara mako biyu wajen miƙa aikin.

Tun ranar nake neman sunan abin da ya same ni. Mutanen Iran suna da kalma guda, rudarbayisti, wato kasa ƙin abu saboda idon mutum. Mu fa? Kalmomi huɗu na auna.

Ta farko, kunya. A littafinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya lissafa ta cikin halaye goma, tare da irin su gaskiya da amana da haƙuri. Sai dai kunya faɗi gare ta. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ce ke hana suruki cin abinci gaban surukinsa.

Ta biyu, kawaici. Shi kuwa ka ga abu ne ka kau da kai, kamar abokin ɗaki ya sha maka gari ka yi kamar ba ka gani ba. Babu wanda ya roƙe ka komai.

Ta uku, kara. Ita ce ka fifita wani a kan kanka ko a kan naka, kamar mace ta ba ɗan kishiya tsoka ta bar nata da ƙashi. Mai kara da son ransa yake yi.

Ta huɗu, jin nauyi. Nan aka zo wurin. Mutum ya yi maka girma a ido, kalmar a'a ta maƙale a maƙogwaro. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ka bayar ka ji sanyi, kara ka yi. Idan ka bayar ka kwana kana tsaki, nauyi ka ji.

Ku duba yadda yake cin mu a makaranta. Wani bai taɓa zuwa aikin rukuni ba, ya ce a sa sunansa. Wata ta ce ki sa mata hannu a takardar halartar lakca. Idan asiri ya tonu, da wanda ya roƙa da wanda ya kasa ƙi duk hukunci ɗaya ne.

To mene ne mafita? Ƙin abu daban, rashin kunya daban. Ka nemi lokaci: "Bari in duba, zan kira ka." Ka faɗi dalili: "Kawu, a yi mini afuwa, kuɗin makaranta ne." Ko ka ba da abin da za ka iya: "Ga dubu biyu, kyauta ce." Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da na gaya wa Kawu abin da ya faru daga baya, cewa ya yi, "Haba ɗana, ai da ka faɗa!"