Maigidana Yana So Mu Bar Inshora Mu Koma Asusun 'Yan'uwa, Ga Ɗanmu Sikila

Mama,

 Ni 'yar Zariya ce, amma shekara 9 ke nan muna zaune a Hiyuston, jihar Teksas ta Amurka, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku. Shi direban babbar mota ne, motar kuma tasa ce, saboda haka babu kamfanin da ke biya mana inshorar lafiya, da aljihunmu muke saya. Ni ina ɗan aikin kula da tsofaffi na 'yan sa'o'i.

Bana kuɗin inshorar ya tashi har yana neman kamo kuɗin haya. Ana cikin haka sai wani dattijon ikilisiyarmu ya ba maigida labarin wata ƙungiyar Kirista da ake shiga, kowane gida yana zuba wani abu duk wata, in wani ya kwanta asibiti a biya masa daga ciki. Abin da za mu riƙa zubawa bai kai rabin abin da muke biya yanzu ba. Dattijon ya ce da aka yi wa matarsa tiyata 'yan'uwa ne suka biya, har katunan addu'a suka riƙa zuwa daga mutanen da bai taɓa gani ba. Tun ranar maigida ba shi da zance sai wannan.

Ni ma abin ya taɓa ni, domin na tuna yadda zumuntar mata suka tara wa mahaifiyata kuɗi lokacin da ta kwanta a asibitin Shika. Amma Mama, ɗanmu na biyu sikila ne. A nan aka haife shi, shekararsa 7. Kullum yana kan magani, bara sau biyu aka kwantar da shi, sau ɗaya har da ƙarin jini. Shi kansa maigida yana da hawan jini. Da na ce mu dakata mu bincika, sai ya ce bangaskiyata ce ta yi sanyi, na dogara ga kamfani fiye da Allah, kuma da kuɗinmu ake biyan abubuwan da imaninmu ya hana. Ya tuna mini cewa shi ne kan gida. Yau kwana huɗu daga gaisuwa babu abin da ke haɗa mu.

Ba mugun mutum ba ne. A hanya yake kwana saboda mu, kuma na san nauyin ya yi masa yawa. Amma in na dubi yaron nan yana barci sai gabana ya faɗi. Rashin bangaskiya ne ke damuna? In bi shi mu bar inshorar, ko in tsaya a kan bakana?

'Yarki,
Wata uwa a Hiyuston

*

'Yata,

Salamar Ubangiji ta sauka a gidanki. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Uwar da ta taɓa kwana a kan kujerar asibiti tana jin ɗanta yana kukan ƙashi, in ta tambayi wanda zai biya kuɗin kwanciya ta gaba, aikinta na uwa ta yi. Babu inda bangaskiyarki ta gaza.

Abin da dattijon nan ya kawo ba ƙarya ba ne, ba kuma sabon abu ba ne. Tushensa yana wajen Kiristocin Amish da Menonayit, waɗanda tun da daɗewa suke haɗa hannu su biya wa nasu kuɗin magani. Manyan ƙungiyoyin da aka fi sani yau su ne Christian Healthcare Ministries da ke Ohayo, wadda ta fara a 1981, da Medi-Share a Fulorida, 1993, da Samaritan Ministries a Ilinoi, 1994. Suna kafa hujja da Galatiyawa 6:2, inda Manzo Bulus ya yi maganar ɗaukar wa juna kaya. A Samaritan ma ba ofis kake aika wa kuɗin wata ba, sunan wani gida ake ba ka ka tura musu kai tsaye, tare da 'yar wasiƙar ƙarfafawa. Katunan da dattijon ya ambata ke nan. Sun bunƙasa ne bayan 2010, da dokar lafiya ta Obama ta ɗora tara a kan wanda ba shi da inshora amma ta keɓe mambobin irin waɗannan ƙungiyoyi da suka kafu kafin ƙarshen 1999. Ina ganin kyan abin, kuma ba zan raina shi ba.

Sai dai ki karanta takardunsu. Kowacce tana rubutawa ɓaro-ɓaro cewa ita ba inshora ba ce, kuma ba ta ɗauki alkawarin biyan ko sisi ba. Niyya ce ta 'yan'uwa, in sun ga buƙatarki ta dace da ƙa'idojinsu. In aka ƙi biya, hukumar inshora ta jiha ba ta da ikon da za ta matsa musu yadda take matsa wa kamfani, bashin kuma yana nan da sunanku. A 2021 wata daga cikinsu mai suna Sharity Ministries, wadda a da ake kira Trinity HealthShare, ta durƙushe, ta bar iyalai masu yawa da takardun asibitin da suka ɗauka an biya. Ban ce duka haka suke ba. Ina nuna miki ne cewa in ta faru, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Uwar adashi ko ba komai kin san gidanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tiyatar matar dattijon ciwo ne da ya zo bayan sun shiga, aka yi aiki sau ɗaya, aka gama. A irin wannan ne ƙungiyoyin suka fi ƙarfi. Ciwon da mutum ya shigo da shi kuwa labarinsa daban ne. Wasu suna sharaɗin sai ya yi shekara ɗaya ko fiye, babu alamar ciwon, babu magani, babu ganin likita a kansa, kafin su ɗauka. Wasu suna ɗaukar kaɗan-kaɗan, da iyakar da suka yanka. Ki faɗa mini, wace shekara ce ɗan sikila zai yi ba magani? Da shi aka haife shi. Maganin da yake sha kullum, gwajin jini a kai a kai, hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa irinsu duk shekara daga shekara 2 zuwa 16 don gudun shanyewar ɓarin jiki, ƙarin jini in ta kama, duk waɗannan hidima ce ta tsawon rai, kuma magungunan yau da kullum su ne abin da yawancin ƙungiyoyin nan ba sa ɗauka na dogon lokaci. Inshorar da kuke da ita, duk tsadarta, doka ta hana ta ƙin yaro saboda ciwon da yake da shi, ta hana ta yanka iyakar abin da za ta kashe a kansa a rayuwa, ta kuma sa iyaka ga abin da za ku cire daga aljihunku a shekara.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba bashin ba ne. Kin san abin da likitocinsa suka gaya miki: zazzaɓi ya kai 38.5, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ranar da kika san kuɗin daren nan daga aljihunku zai fita, za ki ce bari mu ga safiya. Duk uwa za ta iya faɗin haka in aljihu ya yi ƙasa. A jikin ɗan sikila, jiran safiya yana iya zama ajali.

Ki kuma sani fita ta fi komawa sauƙi. Kasuwar inshora ta HealthCare.gov tana buɗe rajista ne daga 1 ga Nuwamba na 'yan makonni. Wanda ya soke tasa da kansa a tsakiyar shekara, ko ya fice daga ƙungiyar gudunmawa don ta ƙi biya, wannan bai ba shi damar shiga ta musamman ba, sai ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da maigidanki, na ji daɗi da kika ce ba mugu ba ne, domin ni ma haka na gani. Mutum ne da kaya ya danne, aka nuna masa hanya mai araha wadda kuma take da ƙamshin ibada, ya riƙe ta da hannu biyu. Da wuya namiji ya ce wa matarsa na gaji, na kasa. Ya fi masa sauƙi ya ce ke ce ba ki da bangaskiya. Kada ki biye masa ku yi gardama a kan wanda ya fi wani imani, ba za ku gama ba. In zubar da ciki ne abin da yake gudun kuɗinsa ya biya, ki gaya masa cewa tun 2017 dokar Teksas ta hana inshorar lafiya ta gama-gari ɗaukar zubar da ciki na ganin dama. Shugabancin gida da ya ambata kuwa gaskiya ne, amma babin Afisawa 5 da ya ba shi wannan matsayi shi ne kuma ya ɗora masa ba da kansa domin iyalinsa, kuma 1 Timoti 5:8 ta tsananta a kan wanda bai tanada wa gidansa ba. Ba ke za ki jefe shi da waɗannan ayoyi ba. Ya san su.

Ki dafa abin da yake so, ki bari ya huta daga hanya, ki fara da gode masa. Sannan ki roƙe shi abu guda: ku kira ƙungiyar tare, ku faɗi sunan ciwon yaron da magungunansa da kwanciyar bara, ku tambaya ko za su ɗauki kwanciya ta gaba, nawa, daga yaushe, kuma su aiko da amsar a rubuce. Ku tambayi nasa hawan jinin ma, domin in ya jawo bugun zuciya ko shanyewar jiki, ana iya lissafa shi cikin ciwon da aka shigo da shi, ga shi takardar lafiyar da ke ba shi damar tuƙa babbar mota tana rataye da awon jininsa. In ya ji amsar da kunnensa, ba sai kin ƙara komai ba.

Tsadar kuma ba a bar ta haka ba. Yaron ɗan ƙasa ne, ku nema masa inshorar gwamnati, wato Medicaid ko CHIP, shi da 'yan'uwansa. Ana karɓar wannan buƙata kowane lokaci a shekara, gwargwadon abin da gida ke samu. Ga mai sana'ar kansa irin maigidanki, abin da ya rage bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota da sauran hidimar aiki ake lissafawa, ba duk abin da ya shigo ba. Ku tabbatar daidai kuka rubuta, don rangwamen kuɗin inshora da ake bayarwa a kansa yake. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin da ke duba yaron za ta taimaka miki da takardun ba tare da ko kwabo ba. Gobe ki neme ta.

In bayan duk wannan zuciyarsa tana kan ƙungiyar, ba dole ba ne gidan ya tafi a kwale-kwale ɗaya. Babba mai lafiya da ya karanta sharuɗɗa ya yarda, yana iya shiga. In ya ƙi saurare sam, ki sa fasto da matarsa a ciki, tare da ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar ikilisiyarku, don da wuya a rasa su a majami'ar 'yan Najeriya a Hiyuston.

Abu ɗaya ne ba zan ce ki sassauta a kansa ba. Kada ki sa hannu a soke inshorar yaron nan sai wata ta fara aiki a madadinta, da katinta a hannunki. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, ki kuma tsaya a kai. Ki sake rubuto mini in kun ji amsarsu, ina tuna ku a addu'a, musamman ɗan jikan nawa.

Mamanki