Tsirrai da kumburin ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki

Uwa, da kai mai faɗakarwa a gari, ku san cewa shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Wurin da jini ya daina kaiwa yakan fara mutuwa cikin mintoci. Daga nan garkuwar jiki takan taru a wurin domin ta share abin da ya lalace, sai kumburi ya biyo baya. Idan ya yi yawa, yakan ƙara ɓata naman da ke kewaye, wanda da zai iya farfaɗowa.

Masu bincike sun daɗe suna duba wasu sinadaran tsirrai masu rage kumburi, kuma da yawansu suna kasuwanninmu: kuwasetin a cikin albasa, irin jar nan ta Galmi, antosiyanin mai ba zoɓo launinsa, da kurkumin na gangamau. A gwajin da aka yi kan ɓeraye an ga sun rage ɓarnar. Amma ɓera ba mutum ba ne. Adadin da ake ba shi ya wuce abin da ke cikin miya nesa ba kusa ba, kuma kurkumin da aka ci kaɗan ne ke shiga jini. Har yanzu babu ɗayansu da likitoci suka amince da shi a matsayin maganin wannan ciwo. Mai sayar da garin magani da ya ce yana tayar da shanyayye, kuɗinku yake nema.

Idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kai mutum likita nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a ɗura masa jiƙo, ruwa ko kunu. Sau da yawa haɗiya takan gagara, abin ya zarce huhu, ya jawo ciwon da zai iya kashe shi.

Bayan an sallamo shi, likita ya tabbatar yana iya haɗiya, a nan ne tsirrai ke da amfani: zogale, yakuwa, albasa, tumatir, wake, cikin abincin yau da kullum. A rage gishiri da dunƙule. Babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Kanwa ma tana cikin wannan lissafi, don haka mai jego da jininta ya hau lokacin ciki ta yi hattara da kunun kanwa, ta koma awo. Mai shan asfirin ko wani maganin tsinka jini kada ya ƙara da garin gangamau ko tafarnuwa mai yawa sai ya tambayi likita. Maganin hawan jini kuwa ba a barinsa don an ji sauƙi.